Macizai da Kwaɗin Damagaram a Cikin Littattafai: Tsokaci a Kan Jagororin da Matafiyi Zai Riƙe

Wanda ya tashi daga Kano ya bi ta Daura, ya ƙetare iyaka a Kwangwalam, ya ratsa Matamaye da Takeita har ya hango duwatsun Damagaram, bai yi tafiyar da ta kai kilomita 300 ba, amma dai ya fita ƙasar waje. Hausar da ya baro ita zai tarar, sai dai harshen boko ya sauya daga Turanci zuwa Faransanci, ruwan sama ya ragu, ƙasa ta koma jigawa. Idan matafiyin nan ɗalibin ilimin halittu ne, ko malami, ko mai sha'awar kallon namun daji da ya zo daga nesa, kuma abin da ya kawo shi shi ne dabbobi masu jan ciki da kwaɗi, to tun kafin ya ɗaure kaya akwai tambayar da za ta tsaya masa: wane littafi zai sa a jaka domin ya gane abin da idonsa zai gani? Tambayar ta wuce ta sha'awa kawai, domin a wannan yanki kuskuren gane maciji yana iya zama sanadin rai.

Kuskure na farko, kuma wanda aka fi yi, shi ne a ruɗu da kalmar Afirka da ke bangon littafi. Jagororin da suka fi yawa a shagunan littattafai na Turai da na intanet su ne na kudanci da gabashin nahiyar, irin su na Bill Branch a kan kudancin Afirka, wanda ya fara fitowa a 1988, da na Stephen Spawls da abokan aikinsa a kan gabashin Afirka na 2002. Littattafai ne masu kyau a inda aka rubuta su dominsa. Amma kububuwa, wadda masana ke kira Echis, macijiyar da ta fi kowace halaka manoma a yankin Sahel da dajin Sudan, babu ita sam a kudancin Afirka. Ke nan wanda ya riƙo littafin Branch ya shiga gonakin Miriya ko kwarin Korama, ya riƙo littafin da babu hoton abin da ya fi kamata ya kiyaya. Haka nan ƙaramin littafin George Cansdale, West African Snakes, na 1961, wanda tsofaffin ɗakunan karatu na makarantun Nijeriya suka sani: marubucin ma'aikacin gandun daji ne a ƙasar Gana ta zamanin mulkin mallaka, idonsa kuwa ya fi sabawa da kurmi da gaɓar teku. Yana da daɗin karatu, amma yashin Damargu ya yi masa nisa.

Ƙasar Damagaram tana kan mahaɗa ne. A kudu, wajen Magarya da Matamaye, akwai fadamu da kwaruruka da gonakin rake, halittunsu kuwa dangin na Daura da Kazaure ne. A tsakiya ga duwatsun da suka kewaye Birni, inda fadar Sarki take, ga lambunan Miriya, ga tafkunan Gidimuni da Lasuri. Daga Tanut zuwa arewa kuwa, da daga Gure zuwa duwatsun Tarmit, sai hamada ta fara karɓar ragama, macizai masu ƙaho da ke nutsewa cikin rairayi su maye gurbin kasa. Littafin da zai yi amfani a nan dole ne ya san dajin da hamadar duka biyu.

Irin wannan littafi ya samu a 2006, lokacin da cibiyar bincike ta Faransa mai suna IRD ta buga Guide des serpents d'Afrique occidentale: savane et désert, na Jean-François Trape da Youssouph Mané. Trape likita ne da ya yi suna a binciken zazzaɓin cizon sauro a Senegal, Mané kuwa masanin halittu ne ɗan Senegal. Sun taƙaita aikinsu ga ƙasashe shida, wato Muritaniya da Senegal da Gambiya da Mali da Burkina Faso da Nijar, suka kawo nau'in maciji kimanin 80, kowanne da bayaninsa da hotonsa da taswirar inda aka same shi. Wannan taƙaitawa ita ce babbar falalar littafin. Mai karatu ba zai ɓata lokaci yana kwatanta abin da ya gani a Takeita da macizan kurmin Kwango ba, kuma girman littafin bai wuce abin da za a riƙe da hannu ɗaya a gefen gona ba.

Taswirorin suna buƙatar a tsaya a kansu, domin a nan ne littafin ya fi nuna gaskiya, a nan ne kuma mai gaggawa zai fi ruɗewa. Marubutan sun ƙi bin al'adar shafe yanki guda da launi a ce nau'i kaza yana nan. Sun raba ƙasa gida-gida, kowane gida digiri ɗaya a tsaye da digiri ɗaya a kwance, wato kimanin kilomita 110 kowane gefe, suka sa alama a gidan da aka tabbatar da samun macijin. Birnin Damagaram kuwa yana daf da layin digiri 9 na gabas, har Miriya da ba ta kai kilomita 20 daga gare shi ba ta faɗa cikin wani gidan dabam. Maciji bai san da wannan layi ba. Saboda haka gidan da aka bari fari ba ya nufin babu macijin a can, abin da yake nufi shi ne ba a kai ga kama shi a can ba. Wanda zai yi aiki da taswirar sai ya duba gidajen da ke maƙwabtaka, ya kuma tambayi kansa ko ƙasar iri ɗaya ce.

Yadda aka tara wannan sani shi ma abin lura ne. A rahoton da Trape da Mané suka buga a 2015 a kan macizan Nijar kaɗai, sun nuna cewa sun nazarci macizai 1,714 da aka tara tsakanin 2004 da 2008, suka kuma tsayar da jerin nau'i 51 ga ƙasar baki ɗaya. Hanyarsu ita ce su ajiye mazubai masu ruwan magani mai hana ruɓa a ƙauyuka, su roƙi mutanen gari su riƙa jefa duk macijin da suka kashe a gona ko a gida, bayan wani lokaci su dawo su kwashe. Dabara ce mai arha wadda ta samar da abin da tawagogin Turawa na zamanin da ba su samar ba, tun daga kan Angus Buchanan da ya ratsa Damagaram da Damargu a 1920 yana tara tsuntsaye da namun daji, har zuwa André Villiers, wanda littafinsa Les serpents de l'Ouest africain ya fito a Dakar a 1950. Sai dai dabarar tana da son kai irin nata. Macijin da ke shiga rumbu da gona shi zai cika mazubi, wanda ke zaune a inda babu ƙauye kuwa sai ya zama kamar ba ya nan. Ga matafiyin da zai tsaya a ƙasar noma wannan ba aibi ba ne, domin macizan da manomi ke karo da su su ne shi ma zai tarar. Ga mai nufin Tarmit, inda aka kafa babban gandun kare namun daji a 2012, taswirar za ta yi masa shiru a wurare da dama.

Wurin da ake gwada ingancin jagoran macizai shi ne inda mai dafi da marar dafi suka yi kama. A wannan yanki akwai misali da ya isa. Kububuwa gajeruwa ce, launin ƙasa, da zane a baya, in ta ji motsi sai ta nannaɗe ta riƙa goga jikinta da jikinta, a ji wata ƙara kamar an zuba ruwa a kan garwashi. To akwai wani maciji mai shan ƙwan tsuntsaye, Dasypeltis, wanda ba shi da dafi, haƙoran kirki ma ba shi da su, amma ya ari launinta da nannaɗewarta da ƙararta. Trape da Mané su ne suka bayyana nau'insa na Sahel a matsayin sabo ga ilimi, a shekarar da littafin ya fito, don haka ba mamaki da suka kula da shi. Bambancin yana kai: kububuwa tana da kai mai faɗi da ya fita dabam da wuya, an lulluɓe shi da ƙananan ɓawon fata, na mai shan ƙwai kuwa ƙarami ne da manyan ɓawo a samansa. Akasin wannan shi ne wani baƙin maciji mai sheƙi da ke zama a ƙarƙashin ƙasa, Atractaspis, wanda ganinsa ba ya ba da tsoro ko kaɗan, amma haƙorinsa yana fitowa ta gefen baki ba tare da ya buɗe shi ba, har ya soki yatsan wanda ya riƙe shi a wuya yadda ake riƙe sauran macizai. Jagoran da bai yi wannan gargaɗi da babbar murya ba, bai cancanci wuri a jaka ba.

Duk da haka littafin 2006 ya tsufa ta fuskar sunaye. Shekara uku bayan fitowarsa, a 2009, aka raba macijin nan mai fasa kai da ake kira Naja haje, aka fitar da na yammacin yankin da sunan Naja senegalensis. A 2018 Trape da kansa ya raba kububuwa mai ɗigo a ciki, ya ba wadda ke gabas, har da ta arewa maso gabashin Nijeriya, sunan Echis romani. Waɗannan da wasu gyare-gyare suna cikin babban kundin da ya fitar a 2023, Guide des serpents d'Afrique occidentale, centrale et d'Afrique du Nord, mai shafi kusan 900. Kundi ne da kowane ɗakin karatu na jami'a a yankin ya kamata ya mallaka, amma kiransa jagoran tafiya zalunci ne ga kafaɗar matafiyi. Wurinsa tebur ne, a duba shi kafin a fita da bayan an dawo.

Ga wanda bai iya Faransanci ba, mafita ita ce Snakes of Central and Western Africa na Jean-Philippe Chippaux da Kate Jackson, wanda jami'ar Johns Hopkins ta Amurka ta buga a 2019. Tushensa littafin Chippaux ne na Faransanci da ya fara fitowa a 1999. Chippaux shi ma likita ne, ya kuma yi aiki a Yamai, babinsa a kan dafi da jinyar sara yana da nauyi. Amma tsarin littafin na ɗakin bincike ne. Mabuɗinsa na tantancewa yana tambayar adadin ɓawon da ke ƙarƙashin ciki da layukan da suka kewaye tsakiyar jiki da yadda ɓawon leɓe suka taɓa ido, abubuwan da ba a ƙirga su sai maciji yana kwance a mace, ko kuwa saɓarsa ce aka tsinta. Mai kallo daga taku biyar, da fitila a hannu, ba abin da zai ƙirga. Wanda damuwarsa masu dafi ce kawai, sabon bugun The Dangerous Snakes of Africa na Spawls da Branch, na 2020, zai fi yi masa saurin amsa, ko da yake mafi yawan shafukansa na wasu ƙasashe ne.

Batun ƙadangaru da kunkuru bai da gardama. Littafi ɗaya ne ya tsaya: Lézards, crocodiles et tortues d'Afrique occidentale et du Sahara, na Jean-François Trape da Sébastien Trape da Laurent Chirio, 2012, shafi sama da 500. A cikinsa mai karatu zai ga cewa abin da ake haɗawa a kira tsaka nau'o'i ne da dama, wasu na bangon ɗaki wasu na tsagar dutse, kuma babu mai dafi a cikinsu duk da baƙin jinin da ta yi a gidajen Hausawa. Zai ga kulɓa a ƙarƙashin sunan Trachylepis inda tsofaffin littattafai ke cewa Mabuya. Zai ga damo da guza, da ɗan'uwansu na hamada, da babban kunkurun Sahel da ake ajiyewa a tsakar gida alhali yana ƙarewa a daji. Nauyinsa ne kawai abin kuka.

Kwaɗi su ne marayun wannan fage. Kafin a yi maganar littafi ma sai an yi maganar lokaci, domin baƙi daga nesa sun fi son zuwa da hunturu, lokacin da zafi ya sauka, a lokacin kuwa mafi yawan kwaɗin Damagaram suna binne a ƙarƙashin ƙasa suna jiran ruwa. Wanda ya zo a Janairu ba zai ga komai ba sai ’yan kaɗan a bakin rijiya da lambu. Daga Yuli zuwa Satumba ne kududdufai ke cika, dare ya ɗauki kuka. Littafin da aka yi domin wannan dare shi ne Amphibians of the West African Savanna na Mark-Oliver Rödel, wanda aka buga a Jamus a 2000, tare da faifai mai ɗauke da kukan kwaɗi. Wannan faifai ya fi hotuna da yawa amfani, domin kwaɗo biyu da ido ba zai raba ba, kunne yana raba su nan take. Rauninsa shi ne tushen binciken gandun Comoé ne a arewacin Kwaddibuwa, inda ruwan sama ya ninka na Damagaram fiye da sau biyu, don haka da yawa daga cikin nau'o'insa ba su hauro nan ba. Sunayensa ma sun sha sauyi. Kwaɗon nan mai kaushin baya da ke zama a gindin randa, Rödel ya san shi da Bufo, a 2006 aka mai da shi Amietophrynus, a 2016 kuma ya koma Sclerophrys, shi kuwa yana nan gindin randarsa bai san ana yi ba. Sunayen yanzu suna cikin Field Guide to the Frogs and Other Amphibians of Africa na Alan Channing da Rödel, 2019, wanda ya tattara nau'i sama da 800 na nahiyar duka a littafi guda. Aiki ne na bajinta, amma kowane kwaɗo ’yan layuka ya samu, taswirar kuma ƙanƙanuwa ce har Nijar gaba ɗaya ba ta wuce kan yatsa ba. Hanyar da ta fi ita ce a zauna da shi tun a gida, a fitar da ’yan nau'o'in da taswirarsu ta taɓa kudancin Nijar, a rubuta su a takarda ɗaya. IRD kuwa ta saki da yawa daga cikin littattafanta kyauta a intanet, ana iya sauke su a waya tun a gari, kafin a kai inda layin waya ke ɗaukewa.

Akwai giɓi guda da duk waɗannan littattafai suka yi tarayya a kansa, shi ne harshe. Da Faransanci ko Turanci aka rubuta su, ƙofar shiga kowane shafi kuwa sunan Latin ne. Amma matafiyin da ya isa Gidimuni ba da Latin za a yi masa gargaɗi ba. Manomi zai ce masa wurin nan akwai kasa, ko ya kiyayi gobe-da-nisa a gindin dangar kara, ko kuwa kumurci ya shiga akurki jiya. Sunayen nan suna ɗauke da sani na gaske, amma ba su hau kan na masana ɗaya bayan ɗaya ba. Abin da wani gari ke kira kumurci wani garin gamsheƙa zai ce, alhali ɗaya daga cikin macizan nan biyu masu fasa kai yana tsartar dafi a ido daga nesa, abin da ke buƙatar a wanke idon da ruwa mai yawa nan da nan, ɗayan kuwa ba ya yi. Suna ɗaya kan rufe macizai biyu ko uku, har gajeren maciji mai kauri da ke cikin rairayi, dangin mesa marar dafi, ya sha sanda a madadin kububuwa. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu, ba kuwa za a ga laifinsa ba. Shi kansa sunan gobe-da-nisa yana ɓoye wani abu mai muhimmanci: dafin kububuwa hana jini daskarewa yake yi, mai sara yakan yi kwanaki yana zubar da jini kafin abin ya ci ƙarfinsa, kuma waɗannan kwanaki sun ishi a kai shi asibitin da ke da allurar kashe dafi. Sunan da ya yanke ƙauna tun daren farko yana iya sa dangi su zauna a gida suna jiran ajali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya saran maciji cikin jerin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci a 2017, sakacin kuwa har da na rashin rubutu da harshen waɗanda ake sara.

Ba a rasa abin farawa ba. Ƙamus ɗin Bargery na 1934 da na Abraham na 1949 sun adana sunayen macizai da ƙadangaru da dama, sai dai fassarar da suka ba su sau da yawa ta tsaya ga cewa wani irin maciji ne. Tsirrai sun fi sa'a, domin tun 1916 likita J. M. Dalziel ya fitar da A Hausa Botanical Vocabulary, inda ya jera sunan Hausa da na Latin kafaɗa da kafaɗa, har yau kuwa masana na komawa gare shi. Gardawa da mafarauta da dukawan Damagaram, waɗanda fatar guza da ta mesa ke ratsa hannunsu, sun san dabbobin nan ta hanyoyin da hoto ba zai nuna ba, ko da yake matafiyi mai hankali zai karɓi sunan da gardi ya faɗa masa ya bar masa maganin da zai sayar. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Damagaram kuma tana da jami'arta tun 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan André Salifou. Nau'i 51 na ƙasar baki ɗaya, waɗanda na jihar Damagaram ba su kai haka ba, za su shiga ɗan littafi mai shafi sittin: hoto a dama, a hagu sunan Latin da sunayen da ake kiransa a Magarya da Miriya da Tanut da Gure, da layi biyu a kan abin da za a yi in ya yi sara. Mutanen ƙauyen da suka cika wa Trape da Mané mazubai tsakanin 2004 da 2008 su ne za a fara tambaya.